Kwashe matattun ƙwayoyin halitta a jiki da kumburin tsufa

Efarosaitosis shi ne aikin da jiki ke yi na kwashe ƙwayoyin halittar da suka mutu tun kafin su fashe su zubar da abin cikinsu. An kiyasta cewa kullum ƙwayoyi wajen biliyan 300 ne ke mutuwa a jikin baligi, mafi yawansu na jini ne, amma in aka duba nama mai lafiya da wuya a ga gawa, don da sun mutu ake ɗauke su. Masu wannan aiki galibi makrofej ne, wasu manyan ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye abu.

Tarihi

Masani ɗan Rasha Elie Metchnikoff ya lura da ƙwayoyi masu cin wasu, a 1882 a garin Messina na Italiya, inda ya soka ƙaya jikin tsutsar wata halittar teku, washegari ya tarar ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar. Ya samu kyautar Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich. Abin mamaki Metchnikoff binciken tsufa ya koma yi daga baya, har yana cewa makrofej ne ke cinye launin gashi shi ya sa ake furfura, yana kuma ba mutane shawarar shan nono mai tsami. Maganar furfurar dai ba ta tsaya ba. A 1972 masana Kerr da Wyllie da Currie suka bayyana mutuwar da ƙwaya ke yi cikin tsari, wato afoftosis, sai a 1992 Valerie Fadok da abokan aikinta suka gano alamar da makrofej ke gane gawa da ita. Sunan efarosaitosis kuwa wajen 2003 ya fito.

Yadda abin ke gudana

Ƙwayar da ke mutuwa tana sakin sinadarai irin ATP masu kiran makrofej, sannan wani kitse mai suna fosfatidilserin da ke ɓoye cikin fatarta ya juyo waje, shi ne alamar da makrofej ke gane gawa da ita. Mai rai kuma tana ɗauke da wani furotin mai suna CD47 da ke hana a taɓa ta. Makrofej in ya haɗiye gawa sai ya saki wani sinadari, TGF-beta, mai kwantar da kumburi, kenan shara yake yi yana kashe wuta lokaci guda.

Alaƙa da tsufa

A 2000 Claudio Franceschi na Italiya ya ba da sunan "inflammaging", wato kumburin tsufa, ga kumburin nan mara ƙarfi da ke daɗewa a jikin tsofaffi ba zazzaɓi ba ciwo. Gwaji kan ɓeraye ya nuna makrofej ɗin tsoho na yin sanyi wajen kwashewa, gawarwaki su daɗe su fashe, garkuwar jiki ta yi ta tashi. Ana ganin haka a toshewar jijiyoyin jini, inda matattun ƙwayoyi ke taruwa tsakiyar kitsen da ya like.

Saɓani

Ba a daidaita kan wanne ke jawo wanne ba tsakanin tsufa, kumburin da raunin kwashewar. Wani bincike na 2025 kan ƙabilar Tsimane ta Bolibiya da Orang Asli na Malesiya bai ga kumburi na ƙaruwa da shekaru ba irin yadda ake gani a Italiya da Singafo.