Iskar hadari

Iskar hadari ita ce iska mai ƙarfi da ke tasowa farat ɗaya gabanin saukar ruwan sama, ta kaɗa na ɗan lokaci sannan ta lafa. A Kebbi da Zamfara an fi ganinta a ƙarshen bazara da farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, sai kuma ta sake dawowa wajen Satumba da Oktoba idan ruwa ya kusa ɗaukewa. Jama'a kan ce mata guguwa idan ta yi ɓarna, ko da yake ainihin guguwa ita ce wadda ke murɗe ƙura ta miƙe sama da tsakar rana a lokacin rani, babu ko girgije. A ma'aunin Hukumar Yanayi ta Duniya, ana lissafa iska a wannan rukuni idan gudunta ya ƙaru nan take da aƙalla mita 8 a daƙiƙa, ya kai mita 11 ko fiye, kuma ta yi minti 1 a haka.

Tushenta karon iska biyu ne: mai laima da ke zuwa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, da busasshiya ta hamadar Sahara. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi takan tashi sama ta gina gajimare masu tsayin kilomita da yawa. A cikinsu ruwan da ke zubowa yakan sanyaya iskar da yake ratsawa, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi ta bazu gaba. Wannan ce iska mai sanyi da ake ji kafin ɗigon farko. Da yake ƙasa a bushe take a farkon damina, sai ta kwashi rairayi gari ya yi ja ko baƙi, wani lokaci ma ruwan bai sauka ba. Gajimaren kan jeru a layi mai tsawo, iskar da ke can sama tana tura su daga gabas zuwa yamma. Shi ya sa manomi a Gusau ko Argungu gabas yake duba, kuma hadarin da ya haɗu a Zamfara da la'asar yana iya isa Birnin Kebbi da dare. Mafi yawan ruwan da yankin Sahel ke samu a shekara irin wannan hadari ne ke kawo shi.

Ɓarnarta ta fi sauka a kan rufi. Iskar kan shiga ƙarƙashin kwano ta yaye shi da katakonsa, musamman a ajujuwan makarantu masu dogon rufi da ke fili babu itace kusa. Soron gargajiya na azara da ƙasa bai cika jin jiki haka ba, domin nauyinsa da rawanin da ke kewaye da shi. Sau da yawa laifin na kafinta ne da ya yi rowar ƙusa, ba na iskar kaɗai ba. Takan kuma ɗauke jinkar rumbu, ta karya turakun lantarki, ta binne gero da dawar da suka fara tsiro, dole a sake shuka. Jerin itatuwan dogon yaro na rage mata ƙarfi, kuma Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na Najeriya da ke shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007.

Idan ta taso, akan kashe wuta a murhu, a kira yara ɗaki, a karanta addu'ar da Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha ta roƙon alherin iska da neman tsari daga sharrinta. A kan ruwa haɗarin ya fi girma. A Kogin Kwara wajen Yawuri da tafkin Kainji babu abin da ke tare iska, igiyar ruwa kan tashi cikin 'yan mintoci, don haka gogaggun matuƙa kwalekwale kan nemi gaɓa da zarar gabas ta yi duhu.