Rashin Hoto Riƙe da Bindiga Ba Ya Nuna Mutum Bai Yi Gwagwarmaya Ba

An daɗe ana yaɗawa a intanet cewa duk ɗan siyasar Zimbabwe da ba a ga hotonsa riƙe da bindiga ba, ko ba a samu sunansa cikin jerin mayaƙa ba, ƙarya yake yi idan ya ce ya yi yaƙin ƙwatar 'yanci. Masu wannan zato suna da uzuri, domin an samu masu da'awar ƙarya, musamman bayan 1997 da aka biya tsofaffin mayaƙa kuɗin sallama.

Sai dai yaƙin, wanda ya kai ga samun 'yanci a 1980, ba masu bindiga kaɗai suka yi shi ba. Mayaƙa kan ajiye sunansu na yanka su ɗauki laƙabin yaƙi don kare iyalansu, shi ya sa neman sunan mutum na ainihi a takarda yakan ci tura. Akwai samarin ƙauye da ake kira mujiba, masu kai saƙo da leƙen asiri, da 'yan matan da ake kira cimbwido, masu dafa abinci su ɗauka a ka zuwa daji, alhali sun san kamu na iya zama ajalinsu. Wasu shugabannin kuwa sun shafe shekara 10 a tsare, daga 1964 zuwa 1974.

Mai son tantancewa ya fara da shekarar haihuwar mutum, sannan ya tambayi sansanin da ya zauna a Mozambik ko Zambiya, da laƙabinsa, da ko abokan gwagwarmayarsa sun shaida shi. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.