Kirista da ƙuri'a: me zai yi idan babu jam'iyyar da ta dace da imaninsa?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, akan sami masu bi da suka duba manufofin jam'iyyu suka tarar kowace tana ɗauke da abin da lamirinsu ba zai karɓa ba. Wata tana kula da matalauta amma ta yi sakaci da darajar rai da iyali, wata kuma tana yawan ambaton Allah alhali tana danne baƙo da marar galihu.

Shin Littafi Mai Tsarki ya umarci Kirista ya kaɗa ƙuri'a?

Babu ayar da ta yi maganar ƙuri'a kai tsaye, domin a zamanin manzanni ba a tambayar talaka wanda yake so ya mulke shi. Lokacin da Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa, a sura ta 13, cewa su yi biyayya ga mahukunta su kuma biya haraji, Nero ne ke kan gadon sarauta, mutumin da daga baya ya tsananta wa masu bi. Abin da Nassi ya ba mu shi ne ƙa'ida. Annabi Irmiya, a sura ta 29 aya ta 7, ya gaya wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila su nemi zaman lafiyar birnin su kuma yi masa addu'a, duk da cewa birni ne na masu bautar gumaka. Yusufu ya riƙe muƙami a ƙarƙashin Fir'auna, Daniyel kuma a fadar Nebukadnezzar. Bulus da kansa ya yi amfani da 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, kuma ƙuri'a tana cikin irin wannan 'yanci da mai bi zai iya amfani da shi domin amfanin maƙwabcinsa.

Idan mutum ya zaɓi wata jam'iyya, ba ya amince da duk abin da take yi ke nan ba?

Nan ne damuwar mutane da yawa take, kuma damuwa ce ta masu tsoron Allah. Sai dai a ganina an ɗora wa ƙuri'a nauyin da ba nata ba. Wanda ya dangwala wa ɗan takara bai yi masa mubaya'a ba, bai kuma furta shaidar bangaskiya ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne, a cikin mutanen da aka gabatar masa, wannan ne yake ganin zai fi yin adalci ko kuma zai fi rage ɓarna. Paparoma John Paul na Biyu ya taɓo irin wannan tunani a wasiƙarsa ta 1995 kan darajar rai, inda ya nuna cewa ɗan majalisar da kowa ya san yana adawa da zubar da ciki zai iya goyon bayan ƙudurin da zai rage illar dokar da ta halatta shi, idan ba zai yiwu a soke ta gaba ɗaya ba. Sharaɗin da ke nan shi ne niyya: kada muguwar manufar ta zama ita ce dalilin da ya sa mutum ya ba da ƙuri'arsa, kuma kada ya yi shiru a kanta bayan wanda ya zaɓa ya hau mulki.

Waɗanda suke ƙaurace wa zaɓe fa, ba su da hujja?

Suna da ita, kuma tsohuwa ce. Tun a 1527 Anabaftis, wani rukunin Kiristoci a Turai, suka rubuta a yarjejeniyarsu ta Schleitheim cewa bai dace mai bi ya riƙe muƙamin mulki ba, kuma har yau yawancin 'yan Amish, wani reshe na Anabaftis a Amurka, ba sa zuwa rumfar zaɓe. Ra'ayinsu ya yi kama da karin maganar nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Cocin Katolika kuwa, a littafin koyarwarta na 1992, sakin layi na 2240, ta sa kaɗa ƙuri'a cikin wajiban ɗan ƙasa tare da biyan haraji. Ina girmama wanda ya ƙaurace bayan bincike da addu'a, amma ya kamata ya sani cewa kujerar ba za ta zauna babu kowa ba saboda shi bai fito ba. Wani zai hau ta, kuma dokokin da zai kafa za su shafi marayu da gwauraye da fursunonin da aka umarci mai bi ya kula da su.

To, ba sai a nemi jam'iyya mai sunan Kirista ba?

Suna ba ya ba da tabbaci. A watan Maris na 1933 jam'iyyar Zentrum ta 'yan Katolika a Jamus ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da dokar da ta miƙa wa Hitler ikon yin doka ba tare da majalisa ba. Zabura ta 146 ta riga ta yi gargaɗi kada a dogara ga sarakuna.

Idan lamiri ya ƙi dukan manyan 'yan takara, wace hanya ta rage?

Kafin mutum ya yanke shawarar zama a gida, ya kamata ya duba kowace kujera daban, domin sau da yawa akan sami mutumin kirki yana neman ƙaramin muƙami ko da manyan sun gaza. Akwai kuma ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu inda doka ta ba da dama. A Indiya, tun 2013 kotun ƙoli ta sa aka ƙara wa masu zaɓe damar nuna cewa ba su yarda da kowa ba. Sannan aikin ɗan ƙasa ba ya ƙarewa a ranar zaɓe, domin yana iya rubuta wa wakilinsa, ya shiga jam'iyya don ya gyara ta daga ciki, ko ya tsaya takara da kansa. William Wilberforce ya zauna a majalisar Birtaniya ba tare da ya ɗaure kansa ga wata jam'iyya ba, ya yi kusan shekara 20 yana fafutuka kafin a haramta cinikin bayi a 1807, kuma sai a watan Yuli na 1833, kwana uku kafin rasuwarsa, ya sami labarin cewa dokar 'yanta bayin za ta samu amincewar majalisa.