Cooper Black

Cooper Black salon haruffa ne mai kauri da kumburarrun gefuna, wanda aka ƙera domin manyan kanu, allunan talla da sunayen kaya. Oswald Bruce Cooper, mai zanen haruffa da talla a birnin Chicago na Amurka, shi ya zana shi, kamfanin zubin haruffan dalma na Barnhart Brothers & Spindler kuma ya fitar da shi a 1922. An haifi Cooper a jihar Ohio a 1879, ya rasu a 1940. Salon ya samo asali daga wani siririn salo nasa mai suna Cooper Old Style, sai ya ƙara masa jiki har ya zama wani abu daban.

Abin da ido ke fara kamawa shi ne babu kusurwa mai tsini ko ɗaya a jikinsa. 'Yan ƙafafun da haruffa ke tsayawa a kansu an lanƙwasa su sun yi sumul, kamar an mulmula su da hannu. Farin da ke cikin harafin O ɗan ƙarami ne, kuma ba a tsaye yake ba, ya karkata hagu. Ɗigon da ke kan i da j ma ba zagaye ba ne sosai, ya ɗan miƙe ya jirkice. Wannan karkatar ce ke ba shi rai. Da an daidaita komai, da nauyinsa ya danne shafi. Ƙananan haruffansa manya ne, wutsiyoyinsu gajeru, shi ya sa kalma ke haɗewa ta zama dunƙule guda da ake gani daga nesa.

Ya samu karɓuwa nan da nan, har Frederic Goudy, wani mai zanen haruffa wanda ya taɓa koyar da Cooper, ya fito da salon Goudy Heavyface a 1925 don yin gogayya da shi. Na karkace, wato Cooper Black Italic, ya biyo baya a 1926. Farin jininsa ya sake tashi a shekarun 1960 da 1970, lokacin da ya mamaye bangon fayafayan waƙa da haruffan da ake mannawa a riguna da dutsen guga. Kamfanin jiragen sama na easyJet da shi yake rubuta sunansa.

A yau yana zuwa tare da manhajar Microsoft Office, don haka ya shiga hannun masu kwamfuta da yawa. Ya dace da kwalin alewa, kayan wasan yara da allon shago. Amma idan aka ƙanƙanta shi a dogon rubutu, farin cikin haruffan kan toshe, karatu ya yi wuya. Mai rubuta Hausa kuma ya lura: kwafin da aka saba samu a kwamfuta ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, sai na'urar ta aro su daga wani salon, su fito sirara a tsakiyar kalma.