Mene ne sauyin haske na dogon zango a tagwayen taurari masu hasken X?

Hasken X dai shi ne wanda ake ɗaukar hoton ƙirji ko karaya da shi a asibitocin Yamai. A samaniya kuwa akwai taurari biyu-biyu da ke kewaya juna suna fitar da shi. Ɗayan tauraro ne mai rai. Ɗayan ya riga ya mutu ya dunƙule, ya zama baƙin rami (wurin da ko haske ba ya iya kuɓuce masa) ko tauraron nutron, wanda faɗinsa kusan kilomita 20 ne kacal amma ya fi rana nauyi. Mataccen yana zuƙo iskar gas daga jikin abokinsa, ta taru kewaye da shi ta zama faifai mai juyi, ta yi zafi har miliyoyin digiri, sai ta riƙa fitar da hasken X. A 1962 aka gano na farko, Scorpius X-1, da roka, domin iskar duniyarmu ba ta barin wannan haske ya iso ƙasa.

Sauyin da ake nufi shi ne wanda ya zarce tsawon kewaye ɗaya: makonni, watanni, wani lokaci shekaru. Hercules X-1, wanda kumbon Uhuru ya gano a 1971, ya isa misali. Yana ƙyaftawa kowace daƙiƙa 1.24, yana gama kewaye cikin kwana 1.7, amma kuma yana da wani zagayen na kwana 35: ya haskaka kamar kwana goma, ya dushe, ya ɗan farfaɗo, ya sake dushewa. Masana sun fi karkata ga cewa faifan ne ya lanƙwashe yana tangaɗi, gefensa ya riƙa shiga tsakaninmu da tauraron. Wutar tana nan, an tare ta ne, kamar ranar Tawa a cikin hazon hunturu.

Wani lokaci kuma da gaske abincin mataccen, wato gas ɗin, ne ke yankewa. V404 Cygni, wasu tagwayen irin waɗannan, kan yi tsit shekara da shekaru, gas na taruwa a faifan, sai ya kwararo kan mataccen gaba ɗaya, haske ya tashi. Ya yi haka a 1989, ya sake a 2015.

A ganina wahalar aikin ke nan, rarrabe wanda aka rufe da wanda ke jin yunwa, kuma kallon dare ɗaya ba ya warware ta. Shi ya sa na'urar MAXI ta Japan, da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, take share samaniya da ido tun 2009.