Wai mene ne "direba" a harkar rumbun bayanai?

Kwanakin nan duk inda masu koyon rubuta manhaja ta ɓangaren sabar, wato kwamfutar da ke yi wa manhajoji hidima daga nesa, suka haɗu, kalmar da ke yawo a bakinsu ita ce direba. Wannan ya ce a yi afdet ɗin direba, wancan ya ce direban ya tsufa, wani ya ce an saki sabo. Abin da ya tunzura ni na zauna rubutun nan kuwa wani shirin rediyo ne kan fasahar zamani da na saurara ina cikin mota, baƙon da aka gayyato ya ce wai direba shi ne manhajar da ke ajiye bayanan kwastomomi, mai gabatarwa ya ce na'am, aka wuce. To ba haka ba ne ko kaɗan. Mai ajiya shi ne rumbun bayanan kansa, wato irin su MySQL da PostgreSQL da MongoDB. Direba ko harafi ɗaya ba ya ajiyewa, shi ƙaramar manhaja ce da ke kai saƙo tsakanin manhajarka da rumbun.

Ruɗani na biyu, wanda ya fi ba ni haushi saboda a cikin 'yan harkar yake, shi ne masu kiran Sequelize ko SQLAlchemy ko Eloquent na Laravel da sunan direba. Waɗannan ORM ne, aikinsu su rubuta maka SQL, wato yaren da ake yi wa rumbun tambaya da shi, don kar ka rubuta da hannunka. Amma bayan sun rubuta, wa zai kai saƙon? Shi ya sa in ka saka Sequelize sai an ce maka ka ƙara saka pg ko mysql2 daban, shi kuma Eloquent a kan PDO na yaren rubuta manhaja na PHP yake zaune. Waɗancan na ƙasan su ne direbobin.

Sunan ma shi ya fara kawo matsalar. Bahaushe da ya ji direba, motar haya ce ke zuwa masa a rai, da tasha da kwandasta da yaran mota. A Turancin asali kuwa kalmar ta girmi mota da shekaru aru-aru, ma'anarta ta farko kora ce, irin yadda makiyayi ke kora shanu gaba, daga nan ta koma kan mai tuƙa keken doki, sannan jirgin ƙasa da mota, har masu kwamfuta suka ara suka liƙa wa ƙaramar manhajar da ke sarrafa na'ura, kamar direban firinta da duk wanda ya taɓa aiki a shagon buga takardu ya sha wahalarsa. A wajen firinta sunan ya ɗan dace, don da gaske manhajar ce ke kora na'urar. Amma a rumbun bayanai direba ba ya kora kowa, ba ya ba rumbun umarnin yadda zai yi aikinsa. Ni dai da za a tambaye ni, tafinta zan ce. Manhajarka tana jin Python ko JavaScript ko PHP, shi kuma PostgreSQL yana zaune yana saurare a ƙofa mai lamba 5432, MySQL a 3306, kowanne da yarensa na musamman da yake magana da shi ta kan waya. Tafintan ne yake buɗe ƙofa, ya yi sallama, ya gabatar da kai da kalmar sirrinka, ya miƙa tambayarka, ya karɓo amsa ya juya ta zuwa abin da manhajarka za ta gane.

Kuma tafinta yana da nasa hukuncin fa, ba maimaita magana kawai yake ba. Misali pg na Node, wato manhajar da ke gudanar da JavaScript a kan sabar, in ka ce ya ƙirga maka layuka a PostgreSQL, amsar a matsayin rubutu yake miƙo maka ita maimakon lamba, domin irin manyan lambobin da PostgreSQL ke iya riƙewa sun fi ƙarfin lambar JavaScript ta yau da kullum, in ya juya su za su iya gurɓata ba tare da kowa ya lura ba. Sai ka ga ɗan koyo ya haɗa 5 da 1 ya samu 51 yana ta zagin rumbun bayanai, alhali rumbun bai yi laifin komai ba, direban ne ya zaɓi ya kare lambar daga gurɓata.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a fahimta sosai. A watan Afrilun 2018 aka saki MySQL 8.0, kuma a cikinsa aka sauya hanyar tantance kalmar sirri. Da can ana amfani da mysql_native_password wanda aka gina a kan SHA-1, tsarin da masana tsaro suka daɗe da daina amincewa da shi, sai aka koma caching_sha2_password. Wato kamar a ce maigida ya sauya yadda ake sallama a ƙofarsa ne. Sabuwar sallamar tana buƙatar a karon farko a bi ta rufaffen layi, ko kuma a kulle kalmar sirrin da makullin RSA na sabar kafin a aika, daga baya sabar ta riƙe abin a ƙwaƙwalwarta don shiga ta gaba ta yi sauri. Duk direban da bai koyi wannan sabuwar sallama ba, a ƙofa za a tsayar da shi. Haka kuwa aka yi da tsohon direban nan na Node mai suna mysql, wanda dubban darussan koyo suke cewa a saka shi, da ka haɗa shi da MySQL 8 sai ya jefo maka ER_NOT_SUPPORTED_AUTH_MODE.

Me mutane suka yi? Maimakon a sauya tafinta, sai aka koma ana roƙon maigida ya koma tsohuwar sallama. Layi ɗaya ne na umarnin gyara asusu, wato ALTER USER, ka mayar da asusun kan mysql_native_password, ero ya ɓace, kowa ya yi murna. Na ga wannan da idona a wani aiki da aka kira ni in duba, manhaja ce da ke riƙe da sunaye da lambobin waya da bayanan kuɗin mutane, wani ya kwafo layin nan ya manna shekaru da suka wuce, ba wanda ya sake waiwayar wajen. Wallahi raina ya ɓaci, don maganin na gaskiya bai fi minti goma ba, akwai mysql2 wanda ya iya sabuwar sallamar kuma kusan duk yadda kake kiran tsohon haka za ka kira shi. An rage tsaron bayanan bayin Allah saboda ba a gane cewa direba abu ne daban da ake sabuntawa shi kaɗai ba, ana ganin ai matsalar daga rumbun take. Kuma dabarar ma kwananta ya ƙare, a MySQL 8.4 da ya fito 2024 tsohuwar hanyar a kashe take zuwa sai ka kunna da kanka, a 9.0 kuwa an cire ta gaba ɗaya. Wanda ya dogara da wancan layin, ranar da aka ɗaga sabar manhajarsa za ta tsaya cak.

Masu PHP sun riga sun ɗanɗana irin wannan, tsofaffin umarnin mysql_ an gargaɗi mutane a kansu tun PHP 5.5, aka cire su a PHP 7 a ƙarshen 2015, dole aka koma mysqli ko PDO. PostgreSQL ma ya kawo tasa sabuwar sallamar, SCRAM-SHA-256, a siga ta 10, ya mayar da ita zaɓin asali ga sababbin kalmomin sirri a siga ta 14.

Ba kuma tsaro kaɗai afdet ɗin direba ke taɓawa ba. Dubi psycopg, direban PostgreSQL na masu Python. Tsohon, psycopg2, shi yake cusa bayananka cikin jimlar SQL a gefenka kafin ya aika. Psycopg 3 da ya fito a watan Oktoban 2021 yana aika jimlar daban, bayanan daban, sabar ce ke haɗawa, kuma yana iya aiki ba tare da tsayar da manhajar tana jiran amsa ba, daga baya aka ƙara masa tura tambayoyi da yawa a jere kafin amsar farko ta dawo, wanda in sabar ɗinka tana Turai kai kana nan za ka ji bambancinsa ƙwarai. Django, tsarin gina shafukan intanet da Python, ya fara karɓarsa a siga ta 4.2 a 2023. Sai dai sauyin nan yana nufin wasu tsofaffin jimloli, kamar SET da aka ba shi bayani daga waje, ba za su yi aiki yadda aka saba ba, shi ya sa nake cewa a karanta bayanin sauye-sauyen kafin a ɗaga siga, a gwada a wata sabar ta gwaji tukuna.

Jiya wani ƙanina da nake koya wa aikin ya turo min hoton ero, ya ce yaya MySQL ɗin ne ya lalace, ko ya goge ya sake sakawa? Na ce masa kar ya taɓa rumbun, ya buɗe package.json, fayil ɗin da ke lissafa abubuwan da manhajar ke dogara da su, ya karanto min sunan abin da ke magana da shi da lambar sigarsa. Tsohon mysql ne. Ya cire ya saka mysql2, ya gyara layi ɗaya a saman fayil ɗin, manhajar ta shiga.