Labarin Ƙasa a Sakandare: Me Ya Sa Ɗalibai Ke Ja da Baya?

Dole ne ɗalibin babbar sakandare ya ɗauki labarin ƙasa?

A'a. A tsohon tsari yana cikin rukunin da tilas a zaɓi ɗaya, tare da tarihi, adabin Turanci da ilimin addini. Da sabuwar manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, ta fara aiki a 2011, sai aka wajabta ilimin zama ɗan ƙasa da darasin sana'a, labarin ƙasa ya koma zalla na ganin dama. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage darussan babbar sakandare zuwa 8 ko 9. Gurbi ya ƙara matsewa ke nan.

To, mene ne yake korar yara daga ajin?

Aikin taswira, musamman. A jarrabawar WAEC akan ba ɗalibi taswira, a ce ya auna tsawon kogi. Zai kwantar da zare bisa kogin yana bin kowace kwana, ya miƙe shi kan rula, sannan ya lissafa: idan sikelin 1:50,000 ne, santimita 2 ita ce kilomita 1. Daga layukan tsayin ƙasa kuma zai gane inda tudu yake da inda kwari yake. In sun cunkushe, gangaren na da tsanani. Abu ne mai sauƙi ga wanda ya saba. Amma yaron da bai taɓa riƙe irin wannan taswira ba sai ranar jarrabawa, wanda malaminsa ya zana masa ita da alli kawai, ina zai kama? Shi ne zai gaya wa ƙannensa cewa darasin akwai wuya, su kuma su gudu tun daga aji ɗaya.

Manhajar 2011 ba ta gyara wannan ba?

A takarda ta yi ƙoƙari, har an sa nazarin taswira da kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam. Makarantar da ba ta da wuta fa, haddar ma'ana kawai za a yi.

Wane amfani zai yi wa yaron Arewa?

Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, tambaya ce ta labarin ƙasa: ina ruwa zai bi, wace unguwa ce a kwari? Haka janyewar Tafkin Chadi da kwararowar hamada a Yobe da Jigawa. Masu sha'awar safiyo, tsara birane ko hasashen yanayi su duba ƙa'idojin JAMB kafin su ajiye shi.